Keken da Ba Ya Son Ƙarfin Hannu

Duk wanda ya tashi a gidan nan ya ji labarin kunnena. Kun ji shi a bakin Sambo taubashina, kun ji shi a bencin ƙofar shago, wasunku har sun ba 'ya'yansu: wai Malam Garba Mai Faci na Wurno ya ƙwanƙwasa keken Turawa da sifana, ya ji aibin da masana'anta ba ta gani ba, ya ceci ran ɗansa. Shekaru ke nan ana ba da labarin a gabana ina sunkuyar da kai, mutane na cewa kunyar yabo ce, alhali kunyar wani abu ce daban. Yanzu idona ya fara gajiya, hannun ma ba ya riƙe sifana yadda ya saba, shi ya sa na ce bari in rubuta muku yadda abin ya faru tun ina da sauran numfashi. Zan kuma rubuta sunan babban yayanku, Nasiru, wanda bakina bai taɓa kira ba saboda ɗan fari ne. A takarda dai zan iya.

Ku fara sanin irin mutumin da nake a lokacin. Sama da shekara arba'in na yi ina gyaran keke, kuma kekunan da na sani baƙaƙen nan ne na ƙarfe, masu kariya a baya, waɗanda ake ɗora wa buhun albasa biyu da mutum a bi hanyar Kwargaba da su. Idan an kawo mini keke in duba, abu uku nake yi. In ɗaga shi in ji nauyi, don a wurina keke mara nauyi mayaudari ne. In sake shi ya faɗi a kan tayoyinsa in ji abin da zai yi kuka. Sannan in bi jikinsa da ƙaramar sifana ina ƙwanƙwasawa, saboda ƙarfe mai lafiya yana amsawa rau, wanda tsatsa ta ci ta ciki kuwa muryarsa a dushe take. A wajen ɗauri kuma ba ni da na biyu. Ina da wani guntun bututu da nake zura wa sifana don ƙarin ƙarfi, kuma ba na barin noti sai ya yi ƙara. Hanyoyinmu ne suka koya mini haka, domin gargadar burji tana kwance komai. Daga Wurno har Giyawa ba wanda ya taɓa dawowa ya ce sirdin da na ɗaure ya juya. Da wannan nake taƙama, kuma ba na ɓoye taƙamar.

Nasiru bai gaji sifana ba, hawa ya gada. Tun yana saurayi yakan je Rabah ya dawo kafin mahaifiyarku Dije ta sauke kunu. Daga baya ya shiga wata ƙungiyar masu tseren keke a Sakkwato, yana zuwa yana dawowa, ga noman albasarsa a fadama, ga mata da ɗiya. Ni kuwa kallon wasan yara nake yi wa abin. Magidanci ya matse cikin wando kamar fatar ganga yana gudu ba wanda ya kore shi, ina amfanin wannan? Ban taɓa hana shi ba, ban kuma taɓa zuwa kallo ba. A shekarar da nake ba ku labari, bayan gero ya shigo gida, Nasiru ya tattara abin da ya samu a albasa ya sayi keken hannu, wato wanda aka riga aka hau, daga wani ɗan ƙungiyarsu. Ranar da ya turo shi ƙofar shago, Sambo na zaune a benci yana cin gyaɗa.

"Baba, ga shi. Ɗaga ka ji," in ji Nasiru.

Na gyara tsayuwa, na tattaro ƙarfi kamar yadda na saba, na ɗaga. Saura kaɗan in buga shi a rufin kwano. Wallahi butocin alwala biyu cike da ruwa sun kusa nauyinsa. Sambo ya fashe da dariya har gyaɗa ta sarƙe shi.

"Garba, wanga keke na ko kara? An cuci ɗanka, an sai mashi kwali da fenti!"

"Kabon na, Baba Sambo," in ji Nasiru. "Zare na baƙi anka saƙa, anka daskarar da shi da wani irin ƙaro. Ya hi ƙarhe ƙarhi, in dai an bi shi yadda shika so."

Na durƙusa na shiga dubawa da niyyar in samo abin kushe. Na nemi walda daga kai har gindi ban ga ko ɗigo ba, jikin a shafe yake sumul kamar an zuba shi a lokaci ɗaya. Hannuwansa a lanƙwashe suke zuwa ƙasa kamar ƙahon rago. Tayoyin sun fi na kekunan kwalta faɗi, da ƙananan haƙora a gefe, kuma an bar fili tsakaninsu da jikin keken yadda laka za ta wuce ba ta toshe ba. Birkin na faifai ne irin na babur. Sandar sama an baje ta ta ƙasa, na tambayi dalili, Nasiru ya saɓa keken a kafaɗa ya nuna mini yadda take zama ba ta ci masa ƙashi. Nan na gane wanda ya ƙera wannan abu ya taɓa gudu da keke a kafaɗa. Na ƙwanƙwasa shi da sifana, bai amsa rau irin na ƙarfe ba, amma muryarsa a tsaye take, tas tas, iri ɗaya ko'ina. A raina na yaba. A bakina kuwa cewa na yi keken da ba kariya, ba ƙararrawa, ba abin jingina, ko tuwon dare ba zai kawo gida ba.

Tseren da Nasiru ya sayi keken dominsa a Goronyo za a yi shi, ranar wata Asabar, a wani fili kusa da madatsar ruwa. Zagaye ne ake maimaitawa: a bi burji, a faɗa yashi, a zo magudanar ruwan masu lambu inda dole kowa ya diro, ya saɓa keke, ya ƙetare a guje, sannan ya daka tsalle ya faɗa kan sirdi ba tare da ya tsaya ba. Mutum uku na farko za a ɗauka a tafi da su gasa ta gaba a wajen jiha. Nasiru ya kusa talatin, kuma mai horar da su ya gaya masa gaskiya cewa samari na tasowa, in bai shiga bana ba, to ba shi ba shiga. Duk gidan nan an san haka.

Ranar Alhamis da safe ya kawo mini keken. Ƙafar baya ta ɗan yi rawa, kuma ya ce duk Sakkwato ba wanda ya yarda ya taɓa masa wayoyin ƙafa sai ni. Wannan ne karo na farko da ya nemi wani abu daga sana'ata, kuma na ji daɗi fiye da yadda na nuna. Kafin ya tafi fadama ya ciro wani ɗan makulli daga aljihu, bai fi yatsa tsawo ba.

"Baba, ƙahwa ɗai za a taɓa. Amma in ta kama a ɗaure wani noti ga jikinai, da wanga za a ɗaure. In ɗauri ya kai, shina yin taƙ shi zame. Daga nan ba a ƙarawa."

"Ni za a koya ma ɗaurin noti?" na ce. "Tun ba a haihe ka ba nika wanga aiki. Aje nan ka tahi."

Ya ajiye, ya yi murmushi, ya tafi. Na gyara ƙafar kafin azahar, kuma ba yabon kai ba, ta miƙe har sai ka sa ido sosai ka san tana juyawa. Da aikin ya tsaya nan, da ba ni da abin rubutawa. Amma keken na jingine yana kallona ina kallonsa. Bayan la'asar Sambo ya tafi, layi ya yi shiru, na ce a raina mai gyara ai dole ya gwada aikinsa. Nasiru ya fi ni tsawo, don haka na kwance notin da ke riƙe sandar sirdi, na sauke sirdin, na naɗe rigata a ƙugu, na cusa ƙafar wando a safa, na bi ta bayan gari don kada a gan ni.

'Ya'yana, ban san yadda zan gaya muku ba. Na hau keke tun ina shekara tara, amma ranar ce na san ban taɓa hawa ba. Taki ɗaya na yi wa feda ya zabura kamar yana jirana. A kan burjin hanyar Kwargaba, inda gargada ke sa haƙoran mutum haɗuwa, wannan keke shanye ta yake yi, ina ganin ramukan da ido amma ba sa isowa bayana. Na shiga yashin da ke kayar da masu babur, tayoyin suka bi ta kai suka wuce. Na taɓa birki da yatsa ɗaya ya tsaya cak, har na kusa wucewa ta kan hannuwan. A hawa kuwa, wurin da na saba sauka in tura, na canza giya na haye a zaune ina numfashi kamar mai hira. Aibinsa ɗaya da na gani, yana son mahayi ya sunkuya, kuma bayan tsoho ba ya son haka. Wasu mata masu ɗauke da itace suka tsaya suna kallon tsoho da furfura yana sheƙa gudu yana dariya shi kaɗai. A hanyar dawowa ne na fahimci abin da ɗana yake bi duk shekarun nan, na kuma ji kunyar kiran da nake yi wa abin wasa.

Na dawo kafin magariba, na goge ƙura, na mayar da sirdin daidai alamar da ya yi da tef. Na ɗauki ɗan makullinsa na fara ɗauri. Ban yi nisa ba ya yi taƙ ya zame. Na taɓa notin, a hannuna ko rabin ɗauri bai kai ba. Na tuna yadda zai riƙa faɗawa kan sirdin nan da dukan nauyinsa, na ce wannan abin wasa ba zai sa sirdin ɗana ya juya a gaban jama'a ba, a ce daga shagon Garba ya fito. Na ɗauko makullina, na zura masa guntun bututun nan, na ƙara. Ban kai rabin juyi ba na ji wata 'yar ƙara, tsas, kamar an taka ɓawon gyaɗa. Na tsaya. Na duba ban ga komai ba. Na ce wa kaina noti ne ya zauna, na rufe shago na tafi masallaci.

Washegari Juma'a na buɗe shago da wuri, kuma hannuna da kansa ya ɗauki ƙaramar sifana. Na bi jikin keken, tas tas tas, har na iso sandar sirdi, daidai saman inda na ɗaure. Nan muryar ta mutu. Na sake bugawa, ta sake mutuwa. Na kwance notin na zaro sandar, na kai ta bakin ƙofa wajen haske. Tsaguwa ce siririya kamar gashi, tsawon gaɓar yatsa biyu, kuma da na matsa da babban yatsa sai wurin ya ɗan lotsa. Na zauna a kan tsohuwar taya.

Ba zan ɓoye muku abin da ya zo mini ba. Tsaguwar tana daidai wurin da ke shigewa ciki. In na mayar da sandar na ɗaure, ba mai gani. Wataƙila ta riƙe har a gama tseren. In ma ta karye, keken hannu ne, kowa zai ce da aibinsa aka sayo shi. Har na mayar da ita rabi. A haka Dije ta same ni, ta kawo mini kunun da na fita ban sha ba. Ta dubi fuskata, ta dubi abin da ke hannuna.

"Malam, lahiya? Mi yah hwaru?"

Na gaya mata duka, har da hawan da na yi. Ta ajiye kwanon a hankali. Ita ma ba ta kiran sunansa.

"In abin ga ya karye yaron ga na bisa, mi za shi same shi?"

"Tsinin na iya shiga jikinai," na ce.

"To mi kaka jira? Ka san abin da za ka yi, so kakai ni in hwaɗa maka. Ni ba ni hwaɗi. Sha kununka."

Ta juya ta tafi. Ban sha kunun ba. Da Nasiru ya zo da hantsi, na ja shi cikin shago, na miƙa masa sandar, na gaya masa da bakina cewa na ƙi makullinsa na sa nawa, har da bututu. Na shirya jin kowace irin magana, don ya cancanci ya yi ta. Ya daɗe yana shafa tsaguwar da yatsa. Na ga muƙamuƙinsa na motsi, na ga idonsa ya kaɗa. Sannan ya ɗago.

"Baba, ashe ka hau shi?"

"Na hau."

"Yaya kaj ji shi?"

"Ban taɓa hawan irinai ba," na ce.

Sai ya yi wani ɗan murmushi, ya ce to mu nemi mafita. Ya buga waya Sakkwato, ba wanda ke da sanda mai kaurin tasa da zai iya rabuwa da ita ana gobe tsere. Muka zube tarkacen shagona a ƙasa muna gwadawa ɗaya bayan ɗaya, har muka samu ta wani keken gwanjo, ta alminiyam, kaurinta daidai. Sai dai gajera ce. Ko an ja ta iya inda za ta riƙe lafiya, sirdin ya gaza alamarsa da yatsu biyu. Ni a sanina yatsu biyu ba komai ba ne. Shi ya san abin da suke nufi, amma bai ce ba. Ya ɗaure da ɗan makullinsa, ya yi taƙ, ya tsaya.

Muna cikin haka Sambo ya shigo, ya ga sandar a kan benci, ya ɗauka yana juyawa.

"Kai, mi yac ci wagga?"

Na buɗe baki, Nasiru ya riga ni.

"Tsaguwa ta, Baba Sambo. Baba na yaƙ ƙwanƙwasa yaj ji ta, ido bai ganinta in tana ciki. Da ba don kunnenai ba, gobe sai dai a ɗauko ni daga Goronyo."

Ku duba maganar nan da kyau, babu ƙarya ko ɗaya a cikinta. Abu ɗaya kawai ya cire. Sambo ya riƙe baki yana salati, ya ce ai shi tun farko ya faɗa kwali ne, Turawa sun yi algus, Garba ya kama su. Na sake buɗe baki, Nasiru ya dube ni ido cikin ido, abin da bai taɓa yi ba, ya ɗan girgiza kai. Na yi shiru. Kafin a sauko daga Juma'a labarin ya gama Wurno.

Ranar Asabar na je Goronyo, karo na farko da na je kallonsa. Na tsaya a bakin magudanar ruwan. Abin da na gani ba zan manta ba. Sauran suna zuwa su ja birki su sauka suna tangaɗi, shi kuwa yana dirowa ne keken na tafiya, kafin ƙafarsa ta biyu ta taɓa ƙasa keken na kafaɗa, taku huɗu ya ƙetare, ya faɗa kan sirdi ya wuce. Duk faɗawar da ya yi sai in tuna sandar da na kusa mayarwa. A yashi ba mai kama shi. Zagaye biyar na farko shi ne a gaba, mutanen Wurno da suka zo a bayan a-kori-kura suna ta ihu. Daga na shida na lura yana yawan miƙewa tsaye a kan feda, yana ɗan karkata. Gajeren sirdin nan ya fara cin gwiwoyinsa. Mutum ɗaya ya wuce shi, sannan na biyu. A burjin ƙarshe wani saurayi ɗan Rabah ya kamo shi, suka shigo tare, saurayin ya riga shi da abin da bai fi tsawon tabarma ba. Nasiru ya zo na huɗu.

Ya sauka yana ɗingishi, ya je ya yi wa saurayin barka, sannan ya zo inda nake ya durƙusa ya gaishe ni kamar mun haɗu a zaure. Ina da magana a bakina, na haɗiye ta, na ce masa Allah Ya sa haka ne mafi alheri. Aka tafi da mutum uku, shi ya koma fadama. Bai sake samun wannan dama ba.

Ni kuwa kasuwata ta buɗe. 'Yan tsere daga Sakkwato suka riƙa ɗoro kekunansu a mota suna kawo wa mai kunne ya ƙwanƙwasa. Na ci abinci da wannan suna, ku ma kun ci. Nasiru ya bar mini ɗan makullin, kuma tun daga ranar ban sake ƙara ko rabin juyi bayan ya yi taƙ ba. Guntun bututun nan na jefa shi a rijiyar da ta mutu a bayan shago. Sau ɗaya tak na tambaye shi dalilin da ya rufa mini asiri, muna zaune a bakin rumbun albasarsa.

"Baba, ni tsere ɗai nir rasa," ya ce. "Kai ko sunan ga shi na shagonka. In ya tsage, ba mu da wani cikin tarkace."

Sandar tana nan rataye a ƙusa a bayan ƙofar shago, Sambo na nuna wa baƙi ita har gobe. Daga yau duk wanda zai ba da labarinta a cikinku ya ba da shi cikakke. Kunnen da ya ji tsaguwar nawa ne, hannun da ya yi ta ma nawa ne. Keken ba shi da laifi, ban taɓa ganin abin hawa da aka ƙera da hankali kamarsa ba, ya faɗi iya ɗaurin da yake so ni ne na ƙi ji. Yatsu biyun da suka hana yayanku tafiya, ni na cire masa su.

Sai maganar da na haɗiye a Goronyo. Nasiru, ɗana, shekara arba'in da wani abu mahaya keke na wucewa ta gabana, ban ga wanda ya kama ƙafarka ba. Ranar nan a bakin magudanar ruwa na so in ɗaga murya in gaya wa duk wanda ke wurin cewa wancan na gaban ɗana ne. Kunya ta hana ni. Ga shi na faɗa.